Kwafi na Uku

Talata da Alhamis Madam take shigowa ofishinmu, da misalin ƙarfe goma na safe, lokacin da mijinta, Manajan kamfanin katako, yake can bakin kogi yana duba gungumen da aka sauke. Takan tsaya a gaban teburina da lemarta a naɗe, ta ajiye shafi shida ko bakwai na rubutun hannu, ta ce da Turanci, "Kwafi biyu, kamar kullum. Kafin sha biyu." Sha biyu na yi ta dawo ta karɓi rubutunta da abin da na buga, ta zuba a jaka, ta fita. Wata huɗu muka yi a haka, ba ta taɓa tambayar sunana ba.

Littafi take rubutawa, ƙagaggen labari. Ni kaɗai ce mace mai buga tafireta a kamfanin, kuma an gaya mata ba ni da surutu. Gaskiya aka gaya mata. Tun ina makaranta na fi gane in zauna a gefe in yi kallo.

Baba Akawu, shugaban akawunan ofis, teburinsa na kallon nawa. Yakan leƙo ta saman tabarau ya ce, "'Yata, wai me Baturiyar nan take ta rubutawa ne? Wasiƙa ga uwarta? Lallai uwar nan tana da haƙuri."

"Labari ne, Baba."

"Labari! In labari take so ta zo ta zauna kusa da ni rabin yini, ta tafi da na shekara."

Labarin wata mata ne da aka kawo ƙasa mai zafi, aka ajiye ta a gida bisa tudu. Ruwa yana dukan kwanon rufi wata da watanni, takalmanta suna yin funfuna a cikin akwati, mijinta yana cin abinci yana karanta jaridar da ta yi mako uku a hanya. In ta yi magana ya ce "uhm" ba tare da ya ɗago ba. Ba sai an gaya mini labarin wa nake bugawa ba. Har tausayinta nake ji.

Madam ba ta son kwafi mai dishi-dishi, saboda haka ta kawo mini sabon fakitin takardar kabon, mai tawadar nan da ake sawa tsakanin takardu don kwafi ya fito, ta ce kowane shafi in sa masa sabuwa. Mu kuwa a ofis sai kabon ya yi fari fat, ya fara yagewa, sannan muke rabuwa da shi. Hannuna ya kasa jefar da wanda aka buga sau ɗaya kacal. Na riƙa tara su a durowar teburina, ina cewa za su yi mini amfani wajen wasiƙun kamfani. Na san sarai kabon da aka buga sau ɗaya, in an ɗaga shi wajen haske, ana karanta duk abin da ke jikinsa. Kowace mai tafireta ta san wannan. Ban dai taɓa kawowa wani zai buɗe durowata ba.

Ranar Laraba na iso ofis na tarar da durowar a buɗe, babu komai ciki. Baba Akawu bai yi mini wasan da ya saba ba. Ya nuna ƙofar Manaja da haɓa.

A bayan idon Manaja, Jan Wuya muke kiransa. Yana zaune, fanka tana juyawa a kansa, ga takardun kabon a jere a kan tebur, ya danne su da kwalbar tawada. Kabon ya zo nema da sassafe don wata takarda ta gaggawa, shi ya kai hannunsa durowar. Ya ɗauki ta ƙarshe, ya ɗaga ta wajen taga, ya karanta a hankali, kamar mai karanta lissafin kaya: matar ta ce akwai wani mutum, kuma a babi na gaba za ta faɗi ko wane ne, don ta gaji da ɓoye shi har ga takarda.

"Wane ne?" ya ce.

"Ban sani ba, ranka ya daɗe. Ba ta kawo babin ba tukuna."

"Yaushe za ta kawo?"

"Gobe."

Ya daɗe yana kallona. A bangon bayansa bindigarsa ta harbin kada tana rataye. Na mayar da idona kan yatsun ƙafata.

"Ni ba na fasa akwatin mace," ya ce. "Gobe za ki buga kwafi uku. Biyu nata, ɗaya nawa. Ƙarfe biyu zan dawo in same shi a nan. In kika gaya mata, zan sani."

Na fito. Baba Akawu ya miƙo mini ruwa a kofinsa, ya rage murya. "Ki yi abin da ya ce, 'yata, babu ruwanki. In mutumin nan ɗan'uwansa Bature ne, iyakaci a yi zage-zage a kulob, a sa wani a jirgi ya koma gida." Ya cire tabarau yana gogewa. "Allah dai ya sa ba namu ba ne. A wancan kamfanin na gangare, wani kuku kallon matar Bature kawai aka ce ya yi. Har yau matarsa tana zuwa bakin ƙofa tana tambaya."

Alhamis ƙarfe goma Madam ta zo. Fuskarta a sake, har ta yi mini murmushi, abin da ba ta saba ba. Shafi bakwai. Na jera takarda uku da kabon biyu, na murɗa su cikin tafireta, na fara.

Matar ta shiga jirgin kamfani mai inji za ta ziyarci wata ƙawarta a can saman kogi. Injin ya tsaya a tsakiyar ruwa. Matuƙin ya ɗauki sifana, ya ɗora baki ɗaya a jikin injin, ɗaya a kunnensa, ya rufe ido yana saurare. Ƙaramin yatsansa na hagu ba ya lanƙwasuwa. Da ya ga ta tsorata sai ya yi dariya ya ce, "Kada ki ji tsoro, ruwan nan ya san ni."

Yatsuna suka tsaya da kansu.

Mijina ne matuƙin jirgin kamfani. Shekararmu uku da aure. A takardun ofis da sunan mahaifina aka rubuta ni, Turawa kuwa ba sa tambayar wa ke auren wa a cikinmu. Maganar nan ta ruwa ya san shi, ita ya gaya mini ranar da ya fara tsallakar da ni kogi, ina riƙe da gefen jirgi kamar zan karya shi.

Na ce a raina, yatsa kowa yana gani, magana kuma yana iya gaya wa kowane fasinja. Na tsallake zuwa shafi na biyar. Akwai wata rumfar masu saran itace da aka bari a bakin gaɓa, ruwan sama ya tsare su a ciki. Ta rubuta tabon ƙuna mai kama da ganye, a can saman cinyarsa ta dama, inda ko gajeren wandon aiki yake rufewa. Ta ce ta sa yatsa ta bi gefensa.

Ni na riƙa shafa wa ƙunar nan magani, mako shida, a shekarar aurenmu ta farko.

Ban yi kuka ba. Abin da ya fara zuwa mini ma ba fushi ba ne. Agogon bango na kalla: goma da minti ashirin. Matuƙi ɗaya kamfanin yake da shi. Ko yaro ya karanta shafin farko ya san wanda ake nufi.

Na zare takardun uku, na cire ɗaya, na mayar da biyu. Na buga wa Madam babinta yadda ta rubuta shi, kalma da kalma, har tabon, har abin da ya biyo bayan tabon. Ban taɓa gudu a kan tafireta kamar ranar ba. Kowane kabon na gama da shi sai in ninke in tura cikin rigata, gumi yana narkar da tawadarsa a fatata.

"Yau faɗa kuka yi da tafiretar ne?" in ji Baba Akawu. "A yi mata a hankali, ita ma 'yar wani ce."

Na ci gaba da bugawa. Ya dube ni, ya sake dubana, sai ya tashi ya kwashe wasiƙun ranar daga kan teburina ya kai wa wani akawu. "Kai, yau da hannu za ka kwafe waɗannan. Rubutunka ya yi kyau, kada ya lalace a banza."

Sha biyu Madam ta karɓi kayanta. Ta ce, "Kin yi gumi." Na ce zafi ne. Ta tafi.

Saura awa biyu. Kowa ya fita cin abinci, ofis ya rage daga ni sai fanka. Dole in ba Manaja wani mutum, kuma dole ya zama wanda hannunsa ba zai kai gare shi ba. Na yi tunanin likita, na yi tunanin mai awon ƙasa, na ga kowannensu yana da mata da wuyan da za a iya shaƙewa. Sai na tuna da damina Madam ta yi kwana goma a tashar jiragen teku wajen gyaran haƙori. Ni na buga mata takardar tafiya. Jirage nawa suke tsayawa can su wuce, babu mai iya ƙirgawa.

Ban taɓa ganin teku ba. Akwai kalandar wani kamfanin jirage a bango, da hoton farin jirgi da wani hafsa mai hula yana riƙe da lofe. Shi na ɗauka. Na ba shi gashi ruwan zinariya da tsagar reza a haɓa. Na hana shi suna. Duk inda zan iya barin jimlar Madam na bar ta, don muryarta ce za ta sa a yarda. Wata huɗu ina bugawa, na san inda take sa waƙafi da inda numfashinta yake yankewa. Kogi ya koma teku, rumfa ta koma ɗakin masauki mai labule kore. Na cire sifana, na cire yatsa, na cire tabo. Abin da ya rage na mijina a ciki, yadda yake yin shiru kafin ya taɓa mutum, wannan na bar wa hafsan, don ban san wata hanyar da namiji yake yi ba.

Akwai abu ɗaya kuma. Kwafi na uku ba ya fita baƙi ƙirin, dishi-dishi yake yi, haruffan suna da kauri. In na miƙa masa mai kyau zai gane daban aka buga shi. Saboda haka kowane shafi sai na ɗora takarda biyu da kabon biyu a samansa, in buga, in ɗauki na ƙasan, sauran in cusa a jakata. Biyu saura minti biyar na ajiye shafi bakwai a kan teburinsa. Hannuna ya bar alamar gumi a gefen na farko, na goge da bakin zanena, ta ƙi fita.

Manaja ya dawo da taɓo a takalmansa. Ya hana ni fita. Ina tsaye ya karanta, ya kai ƙarshe, ya koma farko. Wuyansa ya ƙara ja.

"Wane jirgi ne?"

"Ba ta rubuta ba, ranka ya daɗe."

"Nan kin yi kuskure," ya ce, ya ɗora yatsa a kan wani layi. Na leƙa. Harafi ɗaya ne na tsallake. Na ce a gafarce ni.

Ya ninke takardun ya sa a aljihu, ya ɗauki hularsa. "Biyo ni."

Ban taɓa hawa tudun ba sai ranar. Yana gaba ina baya, rana tana dukan ƙeyata, kabon yana manne da cikina. Sai a hanya na ga ramin da na haƙa wa kaina: ban yi tunanin zai karanta mata ba. Da ta ji layi biyu za ta ce ba ita ta rubuta ba. Daga nan zai nemi na gaskiyar, yana nan cikin gidan, a jakarta.

Tana baranda tana shan shayi. Ta gan shi, ta gan ni a bayansa, ta ajiye kofin a hankali.

Bai zauna ba. Ya buɗe takardun ya fara karantawa da ƙarfi, yana jan kalmomin soyayyar kamar yana tauna abu mai ɗaci. Da farko jini ya bar fuskarta. Da ya zo kan teku sai girarta ta motsa. Da ya zo kan hafsa mai lofe bakinta ya ɗan buɗe, na ga maganar tana tahowa. Ta juyo ta dube ni. Ni da ba na iya haɗa ido da kowa, ranar na tsayar da idona cikin nata, ban ƙifta ba. Ba ni da wata hanyar yi mata magana.

Ya gama. Wani tsuntsu yana ta kuka a bishiyar bayan gida.

"Abin da kika rubuta ke nan," ya ce, "ko yarinyar nan ta ƙara nata?"

Ta ɗauke idonta daga kaina ta mayar kansa.

"Ta buga daidai," in ji Madam. "Ba ta taɓa yi mini kuskure ba."

"Sunansa."

"Me za ka yi da shi? Ya tafi tun damina. Ko ka bi shi da iyo?"

Ya ɗauki kofin shayin ya maka da bango. Wani guntun kofin ya yanke ni a idon sawu, ban motsa ba. Ya ce akwai jirgin da zai tashi zuwa gida ranar Lahadi, gobe da safe za su gangara tasha, ta haɗa kayanta. Ya shige ciki, muka ji ya bugo wata ƙofa.

Madam ta matso har ina jin ƙamshin hodarta. "Me ya sa?" ta ce, can ƙasa-ƙasa.

"Mijina ne."

Ta kai hannu ta dafa kujera.

"Ki ƙona naki," na ce. "Na hannu da na tafireta. Yau."

Ta gyaɗa kai. Na sauko daga tudun ni kaɗai.

A gida na hura murhu na zuba takardun jakata. Kabon ɗin na zaro ɗaya bayan ɗaya daga rigata, cikina duk ya yi shuɗi. Na bar guda ɗaya, na shafi na biyar. Rana ba ta faɗi ba maigida ya shigo yana fito, yana warin man inji.

"Malama, yau takarda ake dafa mana? A sa mini gishiri a nawa." Ya rataye rigarsa. "Gobe da sassafe zan gangara da Jan Wuya da matarsa. Kwana huɗu zuwa da dawowa. Ki haɗa mini kaya."

Na tsaya a bakin ƙofa, na ɗaga kabon ɗin wajen haske. Turancinsa na aikin inji ne kawai, ba ya karatu sosai, saboda haka na karanta masa, ina juyawa da harshenmu, ban tsallake komai ba. Fiton ya mutu. Ya zauna a ƙasa, ba a kan tabarma ba ma.

"Ya sani?"

Abin da ya fara tambaya ke nan. Na jefa kabon ɗin a wuta.

"Bai sani ba. Wani na ba shi."

"Wa?"

"Wani da babu shi."

"Don Allah ki saurare ni, abin nan ba..."

"Kai za ka saurare ni. Kwana biyu za ku yi a jirgi ɗaya, kai da ita da shi da bindigarsa. Kada ka kalle ta. Kada ka miƙa mata hannu wajen shiga, ka bar shi ya miƙa. In ta yi kuka, injinka za ka duba. In ya tambaye ka ko ka san wani hafsan jirgi, ba ka san kowa ba. Kuma kada ka ƙi kallonta ƙiri-ƙiri har ya lura kana ƙi."

"To yaya zan yi ke nan?"

"Yadda ka yi da ni wata da watanni. Ai ka iya."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce in yafe masa. Na ce ya je ya dawo da ransa tukuna. Na haɗa masa kayan, har da maganin sauro, don hannuna ya saba.

Kwana huɗun nan ban san me na ci ba. Daga tagar ofis ana hango matsayar jirgi da lanƙwasar kogi. Kowane gungume da ruwa ya kawo sai na miƙe in duba da kyau. Ina ta lissafa hanyoyin da abin zai ɓaci: ta yi kuka ta kira maigida da wani suna, ko Manaja ya sha giya ya buɗe jakarta ya tarar ba ta ƙona ba, ko inji ya tsaya maigida ya ɗauki sifana ta kasa ɗauke ido. A kogi babu shaida. Mutum ya zame ya faɗa, shi ke nan abin da za a rubuta, kuma ni za a ba in buga.

Baba Akawu bai tambaye ni komai ba. Ranar Asabar dai ya ce, "'Yata, kin ga kalandar nan ta tsufa," ya cire ta daga bango ya naɗe ya sa a aljihun rigarsa, alhali shekara ba ta ƙare ba.

Litinin bayan la'asar muka ji ƙarar inji. Ban tashi daga kujerata ba. Baba Akawu ne ya je taga.

"Ga Jan Wuya nan ya sauko," ya ce. "Shi kaɗai, da bindigarsa." Ya gyara tabarau, ya ƙara matsawa. Na riƙe gefen tebur. "Ga kuma naki can yana ɗaure igiya. Ya rame kamar wanda ya yi jinya, amma da ƙafafunsa yake tsaye."

Manaja ya shigo ya wuce ni, ya dawo, ya ce in ɗauki fensir. Wasiƙa ce zuwa babban ofis a kan farashin jan katako. Na rubuta, na buga, kwafi biyu, ya sa hannu bai dube ni ba.

Na rufe tafireta da mayafinta, na roƙi Baba Akawu ya bar ni in tashi da wuri. Na san sai maigida ya wanke inji ya kai rahoto kafin ya taho, ina da kamar awa ɗaya. Akwatina ɗaya ne, bai ma cika ba. Na share ɗakin, na cika randa, na ajiye makulli a wurin maƙwabciya, na ɗauki hanyar gidan yayata a ƙetaren kasuwa.

Yaya ta ga akwatin, ta ga fuskata, ta matsa ta ba ni hanya. Ba a daɗe ba muka ji sallamarsa a ƙofar gida. Ta leƙa ta dawo.

"Mijinki ne. Ya ce ki fito ko gaisawa ku yi. Me zan ce masa?"

"Ki ce masa na gan shi, Yaya. Na ga ya dawo lafiya."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta tsaya tana kallona, sannan ta gyara ɗaurin zanenta ta fita ta gaya masa.